Ƙyauren Jingar Garinmu

Mahaifina masassaƙi ne, kuma duk wanda ya zauna a yankin Miga a wancan zamani ya san turminsa. Ba yabon gida nake yi ba. Turmi ne na kirya, mai nauyin gaske, irin wanda uwa take daka a ciki har ta tsufa ta bar wa 'yarta. Yana sassaƙa akushi da ƙota da allo, yana kuma yin ƙyauren ɗaki. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, bai ma cika kallon fuskata ba. In yana son in miƙo masa gizago, sai ya dubi bango ya ce a miƙo gizago. A haka na koyi sana'ar, ban kuwa taɓa jin haushi ba, don kowane ɗan fari a garinmu haka ake yi masa.

Lokacin da abin nan ya faru Turawa ba su daɗe ƙwarai da zama a ƙasar ba. An dai daina gudu in an hango su. Ni kuma na yi aure, har matata ta haihu.

Garinmu a bakin fadama yake, shinkafa ce abincinmu. Tsakanin kogi da gonaki akwai jinga, wato dogon tudun ƙasa da kakanninmu suka tara don ya tare ambaliya. A tsakiyar jingar an bar ƙofa, faɗinta kamar ta zaure, tsawonta kamar na mutum, da ginshiƙan giginya biyu a gefe da gefe. Nan ake sa ƙyaure. Farkon damina a buɗe shi ruwa ya shiga ya shayar da shinkafa, in kogi ya fara cika a rufe. Yin ƙyauren nan aikin gidanmu ne tun kakana. Shekara da shekaru ruwa ba ya wuce ƙugu a bakin ƙofar, sai a rufe, a sa sakata, a danna laka a gindi, kowa ya koma harkarsa.

Sai aka shiga shekarun babban ruwa. Kogi ya cika har ya kai kan ƙyauren, ƙyauren ya ɓalle, ruwa ya shanye shinkafar gari. A wannan karon mutane suka ce ƙaddara ce, aka yi wa juna jaje. Da rani Baba ya zage ya yi sabo da katakon maɗaci, kaurinsa ya ninka na da. Ya sa masa sakata daidai ƙirji, inda ake sa wa kowane ƙyaure a duniyar da muka sani, ya ƙara wata a sama, don ya ga can ne igiyar ruwa take duka. Damina ta zo, kogi ya sake cika, ƙyauren ya sake tafiya, har da wani ɓangare na jingar.

To, a nan ne bakuna suka buɗe. Muna da wani maƙwabci, gonarsa ce ta farko a bayan jinga, shi ya fi kowa asara, wannan ban musa masa ba. Amma abin da ya yi da baƙin cikinsa, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ya riƙa bi majalisa majalisa yana cewa Baba ya sare wata bishiya a bakin kogi wadda mutanen ɓoye suke zaune a kai, shi ya sa ruwa ya ƙi jinin hannunsa. Wallahi ƙarya ce, maɗacin nan daga tudu muka saro shi, ni na jawo shi da jaki. Amma wa zai saurare ka a garin da ake jin yunwa? Kafin ka ce me, magana ta shiga cikin gidaje. Mata suka ce turmin da ya fito daga hannunsa ba za a kai amarya da shi ba, albarka za ta gudu. Manoma suka koma sayen ƙota a kasuwar wani gari. Mutumin da ba a taɓa rasa gungume a ƙofar gidansa ba, sai ga shi zaune a zaure yana tufkar igiya, ana wucewa ana yi masa sallama daga nesa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shi kansa ya fara yarda. Inna ta ji shi yana istigfari yana cewa ko dai ya saɓa wa wani abu bai sani ba.

Yunwa ta kore ni cin rani zuwa Dutse. Na yi sa'a, a lokacin hukuma ta fara haƙa rijiyoyin siminti, ana neman masu hannu a aikin itace. Aka ɗauke ni a wata rumfa da ke gindin duwatsun, kusa da dabinai, inda ake haɗa katakon da ake zuba siminti a ciki. Nan na fara riƙe zarto, na kuma fara buga ƙusa. Mu da muka saba da gizago, zarto ya ba mu wuya, sai da na karya haƙoran wani kafin hannuna ya faɗa.

Mai kula da mu wani matashi ne, ɗan malaman Ringim. Ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa kafin a kai shi makarantar boko a Kano, daga nan ya zama na hannun daman Baturen rijiyoyi. Malam muke ce masa, har waɗanda a haife suka haife shi. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, amma yana da wani hali da ya dame mu da farko: ba ya barin mutum ya yi aiki bai san dalili ba. Mu kuwa so muke a ce mana yi kaza, mu yi, a tashi.

Abin da yake damunsa a lokacin shi ne kwamin shayar da shanu da ake ginawa a bakin kowace rijiya. Magina suna yin bangon kwamin kauri ɗaya daga sama har ƙasa, kamar katangar gida, sai a cika shi da ruwa ya tsage daga gindi. Ya yi bayani da baki har ya gaji, magina suna cewa to, Malam, gobe su sake yin abin da suka saba. Rannan ya kira ni, ya tsuguna ya zana mini wani abu a ƙasa da tsinke. Ya ce a Kano ya ga irinsa a ofishin Bature, na tagulla da gilashi, ana koya wa mutane yadda ruwa yake tura abin da ya tare shi. Ba za a ba shi wancan ba, don haka yana so in yi masa na katako.

Na dubi zanen na ce a raina, yau ga ni magidanci, an sa ni yin kayan wasan yara. Amma na yi. Akwati ne dogo, buɗe a sama, tsayinsa kamar kamu ɗaya. A gefe guda muka sa gilashin wata taga da ta fashe a bariki, don a riƙa ganin inda ruwa ya kai. Muka toshe duk wata kafa da kakin zuma. Bakin akwatin na gaba kuwa ba a buga shi da ƙusa ba, ɗan ƙyaure ne sake, wanda ba abin da yake riƙe da shi sai yatsan mutum daga waje. Wani baduku ya yanka mana fata mai laushi muka liƙa a gefunansa don ya rage yoyo. Malam ya aika marina aka ɗebo masa ruwan shuni, ya ce ruwa fari ba ya ganuwa a bayan gilashi.

Bayan shekaru masu yawa, jikana da ya yi karatun injiniya ya kai ni makarantarsu ya nuna mini irin abin. Nasu duk gilashi ne, da wani hannu kamar na sikeli da ake rataya wa 'yan ƙarafa, ana awo ana rubutawa. Ya yi ta yi mini bayani yana haɗawa da Turanci. Na bar shi ya gama, sannan na ce masa na taɓa yin ƙanen wannan da zarto mai karyayyen haƙori. Bai yarda ba, ya ɗauka tsufa ne.

Ranar da aka fara gwadawa, Malam ya tara magina da kafintoci a rumfa. Kafin akwatin, ya ɗauko garwar kananzir da ya huda a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ya cika ta. Ruwan hudar sama ya riƙa zuba a sanyaye, na tsakiya ya ɗan yi ƙarfi, na ƙasa kuwa ya yi tsartuwa da ƙarfinsa. Aka yi dariya, wani ya yi maganar da ba zan maimaita ba. Sannan ya ce tunda ni na yi akwatin, ni zan fara riƙe ƙyauren. Na sa babban yatsana a tsakiya, na ɗan ɗaga sama kaɗan, inda hannu yake zuwa da kansa. Ya fara zuba ruwa da buta. Da farko ba komai. Ruwa yana hawa a gilashi, ina jin nauyi yana ƙaruwa a yatsana. Yana kusa da cika sai gindin ƙyauren ya harbo waje, ruwan shuni ya kwararo mini a ƙafa.

Mutane suka fashe da dariya, ni kuwa ban yi ba. Ƙyauren Baba na gani. Na tuna yadda muka tsinto shi a cikin gonaki bayan ruwa ya janye, samansa lafiya ƙalau da sakatunsa biyu, gindinsa ne ya dagargaje. Mun ga haka da idonmu, ba wanda ya tambayi dalili.

Malam ya sa aka sake cikawa, ya ce in sauko da yatsana. Na sauko can ƙasa, sai saman ya kifo. Na ɗan hau kaɗan, sai ƙyauren ya tsaya cik, akwati cike da ruwa, yatsa ɗaya yana riƙe da shi. Ya ɗauki gawayi ya yi alama a wurin, ya auna da zare ya nuna mana: in ka raba zurfin ruwan gida uku, wurin yana kan kashi na farko daga ƙasa. Ya ce ruwan da yake ƙasa yana ɗauke da duk wanda yake samansa, shi ya sa ya fi turi. Ya ce faɗin kogi ba shi ne abin tsoro ba, zurfin da ya kai a jikin ƙyaure shi ne magana.

Da aka tashi ban iya cin abinci ba. Malam ya lura, ya kira ni gefe ya tambaye ni ko lafiya. Ni ba mai yawan faɗin cikina ba ne, amma ranar na kwashe komai na gaya masa, da jingar, da ƙyauren, da maƙwabcin nan, da Baba a zaure yana tufka. Ya ce to ai sai in je in gaya masa. Na ce Malam, ni ɗan fari ne. Ta ina zan fara? In zauna gaban mutumin da bai taɓa kiran sunana ba, in ce masa sana'ar da ya gada wajen ubansa ga inda ya kuskure? Ko da gaskiya ce a bakina, na ƙara masa wani ciwon ne a kan wanda yake fama da shi. Malam bai ce mini wannan al'adar banza ba ce, kamar yadda wani ɗan boko zai ce. Shi ma a gidan da ake kunya ya tashi. Ya ce akwai rijiyoyin da zai duba ta wajen Jahun, daga can garinmu ba nisa, in nemo jaki in ɗaura akwatin da tulun ruwan shuni.

Mun isa garinmu da hantsi. Baba yana zaure, ya rame har wuyansa ya fito. Malam ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ake gaida uba, ya faɗi gidan da ya fito. Da Baba ya ji ɗan malamai ne sai ya gyara zama, ya sa aka kawo fura. Ni na gaishe shi, ya amsa wa ƙofa, na koma lungu na zauna.

Bayan an sha fura Malam ya ce yana da wani akwati na koyarwa, ƙyaurensa yana yoyo, an ce masa a nan ne zai sami wanda ya san ƙyaure. Wannan ba ƙarya ya yi ba, yana yoyon kuwa. Na shigo da shi na ajiye. Baba ya juya shi, ya shafa gefunan, ya taɓe baki, ya tambayi wane mai gaggawa ne ya yi wannan aiki. Ya san sarai ko wane ne, ai hannuna hannunsa ne. Malam ya ce wani ne a Dutse. Baba ya ce a gaya wa na Dutsen katako ba ya son sauri. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya kankare gefe ɗaya, ya gyara zaman fatar, ya mayar. Rabon da in ga ƙarfe a hannunsa har na manta.

Sai Malam ya roƙe shi ya riƙe ƙyauren a zuba ruwa a ga ko yoyon ya tsaya. Baba ya sa babban yatsansa daidai inda na sa nawa a Dutse, ko kaɗan bai kauce ba. Na sunkuyar da kai. Malam yana zuba ruwan shuni a hankali daga tulu, ruwa yana hawa, can sai gindin ya harbo, shuni ya wanke wa Baba ƙafa da bakin wando. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya ce a sake. Aka sake, ya matsar da yatsa sama ya danna da ƙarfi, kamar yadda ya ƙara sakata ta biyu a wancan ƙyauren. Wannan karon tun ruwa bai kai ko'ina ba gindin ya buɗe.

Ya daɗe yana kallon ruwan da yake bin ƙasan zaure. Malam bai ce uffan ba, kuma wannan shirun nasa yana cikin abin da nake gode masa har gobe. Da ni ne da na yi ta zuba bayani na ɓata komai. Shunin ya ƙare, na je rijiya na ɗebo ruwa aka ci gaba da shi. Baba da kansa ya riƙa saukowa da yatsa, ana zubawa ana kwashewa, har ya dace da wurin. Ƙyauren ya tsaya. Baba ya ce a ƙara ruwa, aka ƙara har ya yi baki da baki. Bai motsa ba.

Ya ɗago kai ya dubi Malam, ya ce, "Malam, ashe ruwa a gwiwa yake turi, ni kuwa ina tare shi a ƙirji."

Malam ya ce, "Haka ne, Baba. Da can ruwan bai taɓa kaiwa inda zai nuna muku ba."

Baba ya ce, "Ashe ba hannuna ba ne."

Yatsansa yana kan ƙyauren yana faɗin haka, bai sake shi ba. Na ji Inna ta bayan zana tana jan hanci, ashe tun ɗazu tana tsaye tana ji.

Malam ya kwana biyu a yankin yana duba rijiyoyinsa, ya bar mana akwatin. Ni na zaci Baba zai ɓoye abin a ransa. Ina! Washegari da safe ya ɗora akwatin a kansa, tsofai-tsofai da shi, ya ƙi bari in ɗauka, ya nufi ƙofar mai gari. Dama ana shawarar ko dai a toshe ƙofar jingar da ƙasa gaba ɗaya, a haƙura da shayar da shinkafa, ko kuma a ɗauko masassaƙi daga wani gari. Baba ya ajiye akwati a gaban dattawa, ya ce ransa ya daɗe, ba roƙo ya zo yi ba, kowa ya sa yatsa ya ji. Haka dattawan nan suka riƙa tsugunawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa yatsa a tsakiya, kowa ya tashi da jiƙaƙƙen wando. Liman ya yi ta tasbihi. Sarkin ruwa, shugaban masuntanmu, ya riƙe haɓa ya ce lallai in mutum ya nutsa can ƙasa kunnensa kamar zai fashe, a sama kuwa ba ya jin komai, amma bai taɓa kawo wa ransa abin ya shafi ƙyaure ba. Maƙwabcinmu ne kawai ya ƙi taɓawa. Ya ce shi ba ya wasa da ruwa, akwati daban kogi daban, aljanu kuma ba sa shiga akwati.

Mai gari ya ce a ba Baba dama ta ƙarshe. Amma kada ka ɗauka gari ya dawo gare shi. An dai zuba ido ne. Har lokacin ba wanda ya kawo masa ko ƙota.

Da Malam ya dawo ɗaukar akwatinsa, ya bi mu har bakin jinga ya duba ƙofar. Ya ce babbar sakata ta zauna bisa gwiwa kaɗan, a ƙara wata ƙarama a sama don ta taimaka, a kuma binne gungume a gindi wanda ƙyauren zai tokara da shi, domin in ruwan bai cika ba turinsa ƙasa yake ƙara yi. Ya ce jingar ma a faɗaɗa gindinta. Sannan ya ce mini in zauna in taya Baba, zai riƙe mini gurbina a rumfa har in dawo. Ya bar mini zarto ɗaya aro.

Mun yi aikin nan ni da Baba a tsakiyar zafin bazara. Katakan ƙasa muka zaɓo masu kauri, na sama muka rage musu. Maganarmu duk ta hanyar katako take bi. Sai ya dubi itace ya ce masu zarto su sassauta, ni kuma in ce wa itacen to. Amma wata rana na ga ya ɗauki zarton yana jujjuya shi, ya gwada a kan wani guntu, ya ajiye da sauri da ya ga na waiwayo.

Malam bai ga ƙarshen abin ba. Kafin damina ta yi nisa aka ɗauke shi zuwa wata ƙasa can gabas, ban sake sa shi a ido ba. Na yi tambaya a Ringim bayan shekaru, aka ce ya rasu a can. Ba danginmu ba ne, bai ci komai namu ba sai fura ƙwarya ɗaya. Ya tako har garinmu saboda wani tsoho da bai taɓa gani ba, ya kuma san yadda zai ba shi ilimi ba tare da ya zubar masa da girma a gaban ɗansa ba. Ban taɓa idar da salla ban sa shi a addu'a ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Damina ta zo da ƙarfinta. Kogi ya riƙa hawa, aka rufe ƙyaure, aka sa sakatu. Kullum da safe sai gari ya fito kan jinga a tsaya ana kallo, wasu ma na san jira suke ya ɓalle su ce dama mun faɗa. Ruwa ya wuce ƙugu, ya wuce ƙirji, ya kai inda ya kai bara, har yana lasar saman katako. Baba ya sauka ta ɓangaren gonaki, ya tsaya a gaban ƙyauren, kogi guda yana bayan katako daidai kansa. Inna ta aiko a ce masa don Allah ya hau. Ya ƙi. Ya ɗora tafin hannu a kan babbar sakata yana jin yadda take ɗaukar nauyi. Ruwa yana tsiyaya ta 'yan kafofi, amma ko ƙara ƙyauren bai yi ba. Haka ƙyauren ya tsaya har kogi ya gaji ya fara ja da baya, shinkafa tana nan kore shar a bayansa.

Ba a yi wani biki ba, mutanenmu ba sa cewa mun yi kuskure. Masu sallama daga nesa dai suka fara matsowa.

Ana gab da girbi, na zo gida daga Dutse, muna zaune a zaure da la'asar ni a lunguna shi a wurinsa, sai muka ji ana jan abu a waje. Maƙwabcinmu ne, shi da jakinsa, sun jawo wani ƙaton gungume. Ya yi sallama, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya kasa shigowa. Ni dai jinina ya hau, na ƙudura in ya buɗe baki zan manta da kunya in wanke shi tas. Ya yi ta gaisuwa yana maimaitawa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya sake tambayar gida. Daga ƙarshe ya dubi ƙasa ya ce, "Yaya, yarinyar nan tawa za a kai ta ɗaki bayan girbi. Uwarta ta ce ba ta son turmin kowa sai naka."

Baba ya tashi ya fita, ya zagaya gungumen, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya kankari ɓawon ya duba. Na jira ya faɗi ko kalma ɗaya a kan abin da mutumin nan ya yi masa.

Ya ce, "Kirya ce mai kyau. Jawo shi inuwa kada ya tsage."

Mutumin ya ja gungume zuwa gindin bango, ya yi godiya ya tafi. Baba ya dawo zaure ya juya mini baya, ya fuskanci bango kamar mai neman wani abu a rataye. Na ga kafaɗunsa suna rawa, ya kai hannun riga fuska. Na lallaɓa na fice don kada ya san na gani, na zagaya bayan danga, a can ni ma nawa hawayen suka zubo.